Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Kwana Uku da Iyayena a Bakin Tafkin Annecy

Mahaifina ya yi shekara 35 yana koyarwa a makarantun firamare na jihar Maraɗi, daga 1964 zuwa 1999, kuma cikin duk abin da ya karanta ko ya karantar babu wanda ya fi yawan ba mu labarinsa kamar darasin duwatsun Alp. Ya ce lokacin da yake ɗan lakwal a Tasawa, tun ba a sami mulkin kai ba, mushensu yakan jera su gaban taswirar Faransa, su yi ta maimaita sunayen koguna da duwatsu har su zauna musu daram a ka. A nan ya haddace cewa Mont Blanc yana da tsayin mita 4807. Yaran da ba su taɓa ganin abin da ya fi tudun rairayi tsawo ba su ne suke rera tsayin dutsen da ƙanƙara ba ta sauka daga kansa rani da damina. Da ya zama mushe shi ma, ya sha zana dutsen da alli a kan allo, ya yi masa farar hula, alhali kuwa bai taɓa sa shi a ido ba.

A watan Agusta na 2022 shi da mahaifiyata suka zo Liyon, inda nake aiki, don halartar sunan ɗana na uku. Baba yana da shekara 78, gwiwoyinsa sun gaji, ga hawan jini. Inna ta haura 70, tana da ciwon sukari, amma ƙafarta ta fi tasa ƙwari. Ni ne ɗan fari, saboda haka tsakanina da su akwai kunyar nan da kowane Bahaushe ya sani. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa roƙona komi ba. Wata rana da yamma dai na tarar da shi tsaye bakin taga yana duban gabas, ya tambayi matata, ba ni ba, ko ta wannan wajen duwatsun suke. A daren nan na ƙudura niyyar kai su. Na kuma san cewa idan tafiyar ta wahalar da shi har rauninsa ya fito fili a gaban ɗansa, gara a ce ba a yi ta ba.

Abu na farko shi ne zaɓen gari. Wasu abokai sun ce in kai su Chamonix, a gindin Mont Blanc ɗin kansa, amma can wurin masu hawan dutse ne, kuma abin da ake zuwa gani sai an hau sama ƙwarai. Na zaɓi Annecy, babban birnin Haute-Savoie, mai nisan kilomita kamar 40 daga Janeba, saboda dalilai uku. Jirgin ƙasa yana zuwa can daga Liyon cikin kamar awa biyu. Garin yana kan mita 447 bisa teku, kusan daidai da Damagaram, don haka zuciyar tsoho ba za ta ji baƙunci ba. Na uku kuma, wanda ya fi muhimmanci, daga tashar jirgi zuwa tsohon gari zuwa bakin tafki duk shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, tafiyar ƴan mintoci. Duwatsun suna kewaye da tafkin, mutum na zaune yake kallonsu.

Sai lokaci. A watan Yuni garin yakan cika saboda bikin finafinan zane da ake yi tun 1960. A Asabar ta farkon Agusta akwai bikin tafki da wasan wuta, wanda asalinsa ziyarar Napoleon III ce a 1860, shekarar da ƙasar Savoie ta shiga cikin Faransa. Duka biyun na kauce musu, domin cunkoso shi ne babban abokin gaban mai ciwon gwiwa. Na ɗauki tsakiyar Satumba, bayan yara sun koma makaranta, zafi ya sauka, sanyi bai kama ba, daga Litinin zuwa Alhamis. Na kafa wa kaina ƙa'ida guda: abu ɗaya da hantsi, hutu bayan azahar, abu ɗaya bayan la'asar. Duk abin da bai shiga wannan ma'auni ba na soke shi, har da tsohuwar fadar da ke kan tudu, wadda kowane baƙo yake hawa, domin hanyarta tsaye take.

Wajen neman masauki na koyi cewa hoto ba ya faɗin gaskiyar da tsoho yake bukata. Otel biyar na kira, kowanne na yi masa tambayoyi iri ɗaya. Matakala nawa ce daga titi zuwa ƙofa? Injin hawa bene yana kaiwa har hawan da ɗakin yake? Wurin wanka na tsallakawa ne ko kuwa daidai yake da daɓe, akwai abin dafawa a bango? Akwai firji da za a sa maganin sukari? Gidajen da ke cikin tsohon gari sun fi kyau, amma yawancinsu tsofaffin gine-gine ne masu ƙunci. Na ɗauki wani da ba shi da wani ado, tsakanin tasha da tafki. Na kira kamfanin jirgin ƙasa kwana uku kafin tafiya na nemi hidimar da suke yi kyauta ga masu rauni, wato ma'aikaci ya tarbe ka, ya raka ka har wurin zamanka, wani kuma ya sauke ka a ɗaya tashar. Tun daga 2024 sunan wannan hidima Assist'enGare. Na kai Baba wurin likita ya auna jininsa, na tambaye shi ko zai iya hawa mita 1700 cikin mota na ɗan lokaci, ya ce babu laifi muddin bai yi tafiyar ƙasa mai yawa a can ba. Na haɗa takardun magani da na inshorar da aka yi musu lokacin neman biza cikin jaka ɗaya. A ƙarshe na je kantin magani na unguwarmu na yi hayar keken guragu na mako guda.

A kan wannan keke ne shirin ya kusa wargajewa. Da na shigo da shi gida, Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce: "Wa ya gurgunce a gidan nan?" Na ce: "Baba, don ko da kun gaji ne." Ya ce shi da ya yi shekaru yana tafiya da ƙafa daga bakin hanyar mota zuwa ƙauyen da aka tura shi, da buhun littattafai a ka, ba za a tura shi cikin kasuwar Turawa kamar kayan miya ba. Ya shiga ɗaki. Na zauna ina jin haushin kaina, domin na lissafa matakala da mintoci da magunguna, na manta da lissafin girman mutum. Sunan abin ma kansa a harshenmu ya isa ya sa dattijo ya ƙi shi. Inna ce ta fito daga baya ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba: "Kai, ka bar keken nan, nawa ne. Ni ce ƙafata take ciwo." Na san ba gaskiya ba ne, ita ma ta san na sani.

Ranar Litinin muka kama hanya. Bayan Culoz jirgin yakan bi gefen tafkin Bourget, ruwa a dama, dutse a hagu, har Aix-les-Bains. Da Baba ya ji sunan tafkin sai ya gyara zama, ya ce ai wannan ne tafkin da Lamartine ya yi wa waƙa, an sa su sun haddace ta a makarantar horon malamai ta Tawa. Na ga leɓensa yana motsi a hankali har muka wuce. A tashar Annecy ma'aikacin da ya zo tarbarmu ya nufi Baba da keken, Inna ta yi wuf ta zauna a ciki, ta ɗora jaka a cinya, ta ce: "Malam, tura ni." Haka muka fita, shi yana tura matarsa, hannuwansa biyu a kan mariƙin keken. Sai a lokacin na gane dabararta. Keken ya zame masa sanda mai ƙafa huɗu, yana jingina da shi ba tare da kowa ya ce ya jingina ba.

Bayan la'asar muka fita Pâquier, wani makeken fili mai ciyawa da ya miƙe har bakin ruwa. Tafkin yana da tsawon kilomita 14 da ɗoriya, faɗinsa duka ya kai murabba'in kilomita 27, wurin da ya fi zurfi kuma mita 82. Waɗannan alƙaluma ni na tanade su don Baba, amma Inna ce ta fara magana. Ta leƙa ruwan, ta ga duwatsun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta ce: "Wannan ruwa ba a wanki a cikinsa ne?" Na ba ta labarin da na karanta, cewa bayan yaƙin duniya na biyu tafkin ya fara lalacewa domin ƙazantar garuruwan da ke kewaye da shi duk cikinsa take zuba. Wani likitan garin, Paul Servettaz, ya yi ta jan hankalin mutane, har a 1957 garuruwan bakin tafkin suka haɗa ƙungiya guda, suka shimfiɗa babban bututu da ke kwashe ruwan datti ya kai shi wurin tacewa can nesa da tafki. Yau ana lissafa shi cikin tafkuna mafi tsabta a Turai, kuma daga cikinsa mutanen garin suke sha. Inna ta yi shiru, sa'an nan ta ce ashe ba haka suka tarar da shi ba, gyarawa suka yi. Ta kawo zancen tafkin Madarumfa, inda aka kai ta ziyarar kaburburan waliyyai tana yarinya, ta ce shi ma da ya sami masu haɗa kai a kansa da ya fi haka.

Ranar Talata ranar kasuwa ce a tsohon gari, kamar Juma'a da Lahadi. Mun fita da ƙarfe takwas, kafin jama'a ta yi yawa. A nan na gane kuskurena na biyu. Titunan shimfiɗe suke, amma da ƙananan duwatsu aka daɓe su, keke yana ta karkarwa, ƙafar tsoho tana neman gocewa. Muka koma ƙarƙashin rumfunan dutse na titin Sainte-Claire, inda daɓen ya fi laushi, muna tafiya muna tsayawa. Kogin Thiou, wanda yake fita daga tafkin ya ratsa garin, tsawonsa duka bai wuce kilomita uku da rabi ba. A tsakiyarsa akwai wani gini mai kama da goshin jirgin ruwa, Palais de l'Isle, wanda asalinsa tun ƙarni na 12 ne, kuma ya daɗe yana zaman gidan kaso. Daga kan gada muka kalle shi, ba mu shiga ba. Inna ta fi damuwa da teburan cuku da na kayan lambu, tana tambayar kuɗin kowane abu, ina juya mata shi zuwa jika, tana riƙe baki.

Abin da Baba yake so a safiyar nan ɗaya ne. A wata farfajiya kusa da babbar majami'a akwai ɗan gunkin Jean-Jacques Rousseau da shingen ƙarfe mai ruwan zinariya, alamar wurin da ya fara haɗuwa da Madame de Warens a 1728, yana yaro ɗan shekara 15 da ya gudo daga Janeba. Baba ya karanta labarin a Les Confessions, ya kuma karanta Émile kamar kowane malamin zamaninsu. Ya tsaya gaban gunkin ya daɗe. Daga baya ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ƙanƙantar wurin, domin a cikin littafi ya ɗauka wani babban dandali ne. Ya ƙara da cewa mutumin nan ya rubuta yadda za a yi renon yara, nasa ƴaƴan kuwa gidan marayu ya kai su, don haka malami ya riƙa auna maganar littafi da halin mai littafin. Tsayuwar ta yi masa yawa. Da muka juya na ga gwiwarsa tana rawa, na kawar da kai. Inna ta sauka daga keken ta ce bayanta ya gaji da zama, tana so ta miƙe ƙafa, kuma ba za a tura keke fanko ba mutane suna kallo. Baba ya ce: "To, don kada a yi asarar kuɗin haya." Ya zauna. Na kama mariƙin, hannuna a daidai kafaɗarsa, kusancin da ban taɓa yi da shi ba tun ina yaro. Babu wanda ya ce uffan har muka isa masauki.

Batun abinci da salla bai ba mu wuya ba, domin na yi tambaya tun da wuri. Sanannen abincin yankin, tartiflette, dankali ne da cukun reblochon, amma da naman alade ake yinsa, don haka muka bar shi. Kifin tafki muka riƙa ci, musamman wanda suke kira féra, da dankali da ganye. Inna ta zo da yajinta cikin ƙaramin kwalba, shi ya daidaita sauran. Na kiyaye lokacin cin abincinta saboda sukari, na kuma lura cewa gidajen abinci da yawa suna rufe kicin bayan ƙarfe biyu, sai kuma da dare, saboda haka kullum akwai burodi da dabino a jakata. Salla muna yin ta a ɗaki, muna ƙasaru irin ta matafiya, Baba yana yin tasa a zaune kan kujera.

Da yammacin Talata muka shiga jirgin ruwa na zagayen awa ɗaya, wanda yake tashi daga bakin kogin, kusa da lambun Jardins de l'Europe. Ga mai tafiya da tsofaffi ban san abin da ya fi wannan ba, domin kana zaune ƙasar take zuwa tana wucewa a gabanka. Mun ga fadar Menthon a kan tudunta, da ƙauyen Talloires inda Cézanne ya zauna ya zana tafkin a 1896, da fadar Duingt da ta shigo cikin ruwa, ga kuma dutsen Tournette mai mita 2351 yana tsaye bisa kansu duka. Baba ya tambayi wani ma'aikacin jirgin, cikin Faransancinsa na littafi wanda ba a cika jin irinsa yanzu ba, ko ana hango Mont Blanc daga nan. Mutumin ya ce a'a, duwatsun gaba sun tare shi, sai an hau Semnoz. Na riga na sani, na kuma riga na yi hayar mota don gobe, amma ban faɗa ba, saboda gudun alkawarin da gajimare zai iya karyawa.

Ranar Laraba muka hau. Semnoz dogon dutse ne a yammacin tafkin, ƙololuwarsa mita 1699, kuma hanyar mota tana kaiwa kusa da ita ƙwarai, cikin daji mai dogayen itatuwa, sa'an nan ta fito fili inda shanu suke kiwo da ƙararrawa a wuya. Iska takan yi sanyi da kamar digiri shida a kowace mita dubu da aka hau, don haka na ɗauko riguna masu kauri da bargo. Da muka isa, gabas duk a rufe take da gajimare. Muka zauna cikin mota muna shan shayi daga fulas. Rabin awa ta wuce, awa ta kusa cika. Na fara ba da haƙuri, Baba ya ɗaga hannu ya ce shi da ya jira shekara 70 ba zai kasa jiran awa ɗaya ba. Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya gajimaren ya yage ta gefe guda, sai ga wani farin abu can sama da inda nake zaton dutse zai iya kaiwa, har na ɗauka shi ma gajimare ne. Baba ya buɗe ƙofa, ya fito da kansa, ya dafa motar. Bai fi minti goma ba aka sake rufewa. Da ya dawo ya zauna, abin da ya ce shi ne: "Na yi ta zana shi da tsini. Ashe kansa a dunƙule yake." Ya yi shiru kaɗan, ya ce yara nawa ya koya wa kuskure. Inna ta ce: "Malam, ai su ma ba su gan shi ba, Allah ya yafe maka." Muka yi dariya mu uku.

Sun koma gida a watan Oktoba na 2022. Shekarar da ta biyo, bayan juyin mulkin Yuli 2023, jiragen da ke tashi kai tsaye tsakanin Yamai da Paris suka tsaya, a Janairun 2024 kuma aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai. Ko da hanya tana buɗe ma, gwiwoyin Baba ba za su sake ɗaukar irin wannan tafiya ba. Da na ce bari sai baɗi, kamar yadda na yi ta cewa shekara da shekaru, da ba a yi ta ba ke nan. A ƙarshen 2023 na gaya masa ta waya cewa masu awo sun sake auna Mont Blanc sun sami mita 4805 da ƴan santimita, ya ragu da fiye da mita biyu a kan awon 2021, domin kaurin ƙanƙarar da ke kansa yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Ya yi dariya ya ce to, idan dutse ma yana raguwa, shi wane ne da zai ƙi keke. Yanzu akwai ɗaya a gidanmu na Maraɗi, da shi jikoki suke kai shi masallacin Juma'a.

Na rubuta wannan ne ina tunanin malamai ƴan'uwana da ƙungiyoyinmu na al'adu, waɗanda sukan shirya wa ɗalibai ziyara amma ba safai suke shirya wa tsofaffin malamansu ba. Da yawa cikin dattawan nan sun koyar da kogin Isa, da fadar Damagaram, da duwatsun Ayar, ba tare da sun taɓa ganinsu ba. Ba sai an je Turai ba. Abin da tafiyar take bukata shi ne a tambayi yawan matakala tun kafin a tashi, a san inda inuwa da wurin zama da makewayi suke, a rage abin da za a gani, a ƙara lokacin hutu, a kuma sami wani mai hikima irin ta Inna wanda zai san yadda za a taimaki dattijo ba tare da an ƙasƙantar da shi ba. Allah ya ba mu ikon yi tun suna da sauran ƙarfi, ya kuma sa mu gama da iyayenmu lafiya.